Lauje Mai Haƙora Ko Na Maƙera: Wanne Ya Kamata Ka Saya Kafin Kaka?

Wata ranar Lahadi a ƙarshen Oktoba, ina kasuwar Pitowa kusa da Garwa ina taya rago, sai ɗan yayata ya kira ni. Yaron ya gama karatu a Ngaundare, aiki bai samu ba, ya tafi wajen Lagdo ya karɓi rubu'in hekta ya shuka shinkafa, wato abin da manoman nan ke kira kar ɗaya, mita 50 tsawo mita 50 faɗi. Ya ce, "Kawu, ga ni a gaban mai kayan ƙarfe. Lauje iri biyu ne a shimfiɗe, ɗaya baƙi na maƙera, ɗaya kuma fari mai haƙora, na cikin kwali. Wanne zan ɗauka?"

Na ce, "Ɗana, me za ka yanka da shi?"

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ai lauje lauje ne."

A baki kam haka yake. Bahaushe kalma ɗaya ya ba su duka: lauje, jam'insa laujuna, ƙarfe mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, kaifinsa ta ciki, da gajeriyar ƙota da hannu ɗaya ke riƙewa. Maƙwabtanmu Fulani suna ce masa wafdu, wanda ya yi makarantar Faransanci kuma ya san shi da faucille, kuma a kasuwannin Garwa da Marwa duk ukun za ka ji su a bakin ɗan kasuwa guda, gwargwadon wanda ya tsaya a gabansa. Amma a gona abu biyu ne, kowanne da yadda yake cin kara. Mutum yakan yi asarar kuɗinsa, wani lokaci har da hatsinsa, don ya ɗauka sunan da ya haɗa su ya haɗa aikinsu.

Kafin a kai ga zaɓin, akwai ruɗanin da nake ji a bakin yaran birni, su ce za a je "girbin shinkafa da magirbi" ko "yankan dawa da lauje". Hausa ta raba waɗannan tun tuni. Dawa da gero ana girbe su ne, a sare karan daga gindi da magirbi, wanda ƙirarsa ta fi kusa da fartanya, a kwantar, ya sha iska, sannan a bi da 'yar wuƙa ana yanke zangarniya ana ɗaura dami. Wake roronsa ake yi. Gyaɗa cirarta ake yi. Shinkafa da alkama da riɗi da ciyawa su ake yanka, kuma nan ne fagen lauje. Don haka in masakwa ka dasa a karal, wato filin laka na yankin Diyamare wajen Marwa, dawar ranin nan da ake dasawa wajen Satumba da Oktoba a girbe a Janairu da Fabrairu, ba ka cikin wannan ciniki. Karan masakwa ya fi ƙarfin lauje ko wane iri ne, adda ko magirbi za ka nema. Ko ciyawar karal ɗin da ake sharewa kafin dashe, Fulanin can da wani dogon ƙarfe suke sheme ta, wanda suke kira wiikordu, ko da yake maganin feshi ya rage masa aiki ƙwarai.

To, mu koma kan biyun da yaron ya gani.

Laujen maƙera, wanda muka tashi muka tarar a ratayen zauren kowane gida, bakinsa sumul yake, ba haƙori. Aikinsa sara da ja a lokaci guda: ka damƙi ciyawa da hagu, ka kawo shi da ɗan ƙarfi, ka fizgo. Nauyinsa na taimaka maka. Ɗanyar ciyawar damina, irin su harkiya da kyasuwa tun ba ta yi kai ba, ba abin da ke cin su kamarsa, yana ratsa su kamar wuƙa a kabewa. Mai haƙora kuwa zarto ne da aka lanƙwasa. Ba a sara da shi, ɗora shi ake yi a gindin karan a ja sau ɗaya, haƙoran su kama su tsinke. Shi ya sa yake da sauƙin nauyi, ƙarfensa siriri, lanƙwasarsa ba ta kai ta na maƙera zurfi ba.

Wannan bambancin na sara da ja shi ne gaba ɗayan maganar, kuma a gonar shinkafa ne yake fitowa fili. Shinkafar da ta nuna ba ta son girgiza. Masana noman ta suna cewa a yanke ta idan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙwayar ya yi ruwan ƙasa-ƙasa irin na bambaro, kimanin wata guda bayan ta yi fure, lokacin da danshin ƙwayar yake tsakanin kashi 20 zuwa 25. Amma wa ke samun yanka a ranar da ya so? Ana jiran ruwa ya janye daga fadama, ana jiran 'yan ƙwadago su gama da gonar wani, kafin layi ya zo kanka ta bushe ta wuce misali. A irin wannan hali duk saran da ka kai wa gindinta, kan yana kaɗawa, ƙwaya tana zuba. Na taɓa tsayawa a bayan masu yanka biyu a wata gona da ke ƙasan madatsar Lagdo, ɗaya da baƙin lauje, ɗaya da mai haƙora. Da suka kai ƙarshen kunya sai mai gonar ya kira ni, ya tsuguna, ya shafa tafinsa a kan taɓon da ya fara tsagewa a layin mai baƙin lauje. Ya ɗago hannun, ƙwayar shinkafa ta manne masa kamar an barbaɗa. Ya je layin ɗayan ya yi haka, 'yan ƙwayoyi ne da za ka iya ƙirgawa. Bai ce komai ba, ya kakkaɓe hannunsa a riga. Gani ya kori ji.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ba a gani da ido sai dai a ji a hannu. Karan shinkafa yana ɗauke da silika mai yawa, wato ainihin abin da yashi ya ƙunsa, shukar tana zuƙo shi daga ƙasa tana ƙarfafa jikinta da shi. Shi ne kaushin nan da ke kartar maka dantse in ka shiga gona ba riga mai dogon hannu. Abin da yake yi wa fatarka shi yake yi wa kaifin ƙarfe. Laujen da bakinsa sumul ne, kafin hantsi ya dubi ludayi ya dakushe, dole ka zauna ka ciro dutsen washi, ka tofa masa ruwa, ka goga. Kafin azahar ka sake. Mai haƙora ba ya neman wannan hidima. An tsaga haƙoran ne a fuska ɗaya, ɗaya fuskar aka zaftare ta, saboda haka yadda karan ke cin ƙarfen haka bakin haƙoran ke sake fitowa. Mutumin da ake biyansa gwargwadon filin da ya yanka ya san darajar lokacin da bai zauna washi ba, shi ya sa in ka je Yagwa ko Maga lokacin yanka, a filayen SEMRY, hukumar shinkafar da aka kafa a 1971 wadda tafkin Maga na 1979 ke shayar da wani sashe na gonakinta, za ka ga yadda 'yan ƙwadago ke riƙon mai haƙora kamar ɗan lele. Haka abin yake ga mai riɗi, wanda kwansonsa ke buɗe baki da ƙaramar girgiza, da mai alkama a gaɓar tafkin Cadi wajen Bol.

In da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce kowa ya je ya sayi na kwali a huta. Sai dai araha ba ta ado, kuma abin da ake shigo mana da shi ba duka ne na ƙwarai ba. Wani ƙarfen gwangwani ne kawai aka buga wa haƙora aka shafa wa mai. Ka sa shi a gamba, wadda ake saƙa zana da ita, ko busasshiyar ciyawar jinka mai kauri, sai ka ga ya miƙe, ko haƙoran sun kwanta gefe ɗaya kamar gemun masara. Ka sa shi a ɗanyar ciyawa mai ruwa, haƙoran su cushe da ganye, yana yaga maimakon yanka, kana tsayawa kana sharewa da yatsa. In ya ci karo da dutse ya yi giɓi, shi ke nan, sai dai yara su yi wasa da shi. Kuma mutane da yawa da hannunsu suke kashe shi: su ga ya ɗan dallashe, su ɗauko magagari su bi ta kan haƙoran, su shafe su tas. In za ka wasa mai haƙora, fuskar da ba ta da tsagar ita kaɗai ake gogawa, a hankali, ɗayar ba a taɓa ta.

Abin da ya fi ci mini rai game da na kwali shi ne ƙota. Yawancinsu ɗan guntun wutsiyar ƙarfe ne aka cusa a itace mai taushi, aka ɗaura zoben gwangwani a wuya. Shekarun baya na saya wa ƙanena ɗaya a wata kasuwa, mai sayarwar yana rantsuwa cewa irinsa ba ya tsufa. Kwana na uku da fara aiki, ya damƙi shinkafa ya ja, ƙotar ta zo a hannunsa, ƙarfen ya goce ya bi ta kan ɗan yatsansa na hagu. Raunin mai haƙora ba irin na wuƙa ba ne, yaga nama yake yi, ga taɓo ga kashin shanu a gonar. Sai da muka ɗauke shi a babur zuwa asibiti aka yi ɗinki, aka yi masa allurar tetanos, ciwon nan da ke sanƙarar da jiki ya ƙulle muƙamuƙi. Shinkafarsa kuwa sai da aka biya wasu suka ƙarasa. Har yau yatsan ba ya lanƙwasuwa sosai, kuma duk lokacin da muka yi musabaha ina jin wurin. Tun daga ranar ban ƙara sayen lauje ba sai na riƙe ƙarfen da tsumma, na murɗa ƙotar da iyakar ƙarfina. In ta motsa ko kaɗan, ajiyewa nake yi, ko da kyauta za a ba ni.

A nan ne maƙeri ya sha gaban kwali. Akwai wani dattijo da mahaifina ke kai wa aiki, yanzu ni nake kai masa. Rumfarsa ta zana ce, uwar maƙerarsa ta lotsa a tsakiya don tsufa, jikansa na kan zugazugi. Ba ya fara aiki sai ya tambaye ka abu uku: me za ka yanka, da wane hannu kake aiki, kuma wa zai riƙe, babba ko yaro, namiji ko mace. Ranar da na je ya ƙera mini na ciyawar raguna, ya ce, "Miƙo hannunka, ɗana." Ya dubi tafin, ya ɗauko guntun marke ya ɗora a kai, ya sa gawayi ya yi alama inda zai yanke. Sannan ya jawo wani yankin sifirin na tsohuwar mota daga ƙarƙashin buhu, ya ƙwanƙwasa shi da masaba, ya ce in saurara. Ƙarar ta yi tsawo, siririya, kamar ƙararrawa. Ya ɗauko guntun rodi na gini ya buga, ta ce ƙwal ta mutu nan take. Ya ce, "Wancan zai yi kaifi ya riƙe. Wannan kuwa yau ka wasa, yau ya kwanta."

Na zauna na ga yadda ya tura shi cikin garwashin ƙirya har ya yi ja, ya kama da awartaki, ya shimfiɗa shi, ya lanƙwasa shi a hancin uwar maƙera kaɗan-kaɗan, yana ɗagawa yana hange da ido ɗaya. Wutsiyar ya ja ta doguwa, ya ƙona ta ta ratsa ƙotar har ta ɓullo ta ƙasa, ya tanƙwashe bakin ya buga shi cikin itacen. Irin wannan ƙota sai dai ta tsage don tsufa, ba dai ta zare ba. Daga ƙarshe ya sake gasa bakin, ya tsoma a baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Wannan tsomawar ita ce sirrin sana'ar: in ƙarfen ya sha da yawa sai ya yi tauri ya riƙa ɓantarewa, in bai sha ba ya yi laushi. Maƙerin da ya iya ta shi ake bi, ko da rumfarsa tana bayan gari.

Maganar hannu da ya tambaya ba ƙarama ba ce. Laujen kwali kusan duka na dama ne, zaftarewar bakinsa da karkatarsa an yi su ne don mai riƙewa da dama. Bahago in ya ɗauka, ƙarfen yana hawa sama yana neman hannun da ya damƙi karan, maimakon ya nutsa ƙasa. Mun saba tilasta wa bahagon yaro ya ci abinci da dama, to, wannan tarbiyya ce, amma a gona barinsa da laujen dama ganganci ne. Maƙeri zai juya masa ƙirar ba tare da ƙarin ko dala ba.

Sai dai kada a ɗauka duk baƙin lauje na ƙwarai ne. Waɗanda ake zubewa tuli a kasuwa gab da kaka, da yawa daga rodi ko ƙarfen ganga aka buga su cikin gaggawa, an shafa musu baƙin mai don su yi kama da na gaske. In ba za ka iya zuwa maƙera da kanka ba, ɗauki biyu ka buga su da juna ka ji ƙarar, ka roƙi magagari ka ɗan goga a bayan bakin: in ya ci shi da sauƙi kamar sabulu, ƙarfen banza ne, in yana zamewa yana ƙyar-ƙyar, ya sha wuta yadda ya kamata. Na sifirin yakan fi tsada, wani lokaci ya ninka, amma shekara nawa za ka yi da shi, kuma ko ya yi giɓi maƙeri zai mayar da shi wuta ya gyara.

Wani zai ce, to me zai hana maƙeri ya yi wa nasa haƙora, a haɗa riba biyu? Ana yi. Wasu maƙeran sun iya, suna bin bakin da ƙaramin kurfi suna tsagawa ɗaya bayan ɗaya kafin su tsoma shi. In ka dace da wanda ya ƙware, wallahi ka sami abin da ya fi na kwali nesa ba kusa ba: ƙarfen sifirin, ƙota mai ratsawa, ga haƙora. Amma aiki ne mai cin rai, kuma in haƙoran ba su daidaita ba, wasu manya wasu ƙanana, laujen zai riƙa sarƙewa a kara yana fizgar maka kafaɗa. Dubi wanda ya yi wa wani tukuna kafin ka ba da kuɗinka.

Kalmar lauje ta yi tafiya fiye da gona, kuma ina son yaranmu su san haka. Kowa na cewa "akwai lauje cikin naɗi" in magana ta yi kyau a sama amma ana zargin wani abu a ƙasa, har a rediyo kullum kana ji a bakin 'yan siyasa. Yadda mahaifina ya bayyana mini, daga masu yankan ciyawa aka samo ta: in mutum ya gama, sai ya cusa laujensa a tsakiyar ciyawar ya naɗe ya ɗaure, don hannunsa ya huta ya iya tallafe kaya. Kai da ke kallo ciyawa kawai kake gani, lallausa, kore shar. Ka rungume ta da gaggawa ka ji abin da ke ciki. Har gobe in ka tsaya bakin gadar Binuwai a Garwa da yamma, lokacin da masu ciyawa ke shigowa da kaya a kan keke, ka lura da kyau za ka hango ƙota ta leƙo daga gefen wani naɗin. Haka kuma ciwon nan da muke kira sikila ko amosanin jini, sunansa lauje ne da Turancin Ingilishi, domin ƙwayar jinin mai ciwon takan lanƙwashe ta yi siffarsa, kamar yadda wani likita a Amurka, James Herrick, ya bayyana a 1910. Sunan da ake rubuta mana a takardar asibiti a nan Kamaru da Cadi, drépanocytose, shi ma daga kalmar Girkanci ta lauje aka ciro shi.

Ga abin da na gaya wa ɗan yayata a wayar nan, kuma shi zan gaya wa duk wanda ya tambaye ni. In shinkafa ce ko riɗi ko alkama abin da ka sa a gaba, ɗauki mai haƙora, ka zaɓi mai ɗan kauri wanda ba ya lanƙwasuwa in ka danna shi a gwiwa, ka biya ta maƙera a sake masa ƙota ko a buga masa ƙusa ta ratsa wutsiyar kafin ka shiga gona da shi. In dabbobi gare ka a gida, kullum sai an yanko musu, ko kana yankan gamba da ciyawar jinka kafin gobarar daji ta riga ka, baƙin lauje na sifirin shi ne naka, ka haɗa da dutsen washi a aljihu. Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne tak, kuma aikinsa gauraye ne, ni dai na maƙera zan ce ya saya, domin zai yanka shinkafa ko da da 'yar asara da yawan washi, amma na kwali ba zai kai shi ƙarshen damina a ciyawa ba. Sai ya yi ƙoƙari ya yanka shinkafar da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, lokacin ƙwayar ba ta saurin zuba.

Yaron ya ɗauki mai haƙora guda biyu, ɗaya nasa ɗaya na abokinsa da zai taya shi. Da ya zo Garwa sati na gaba na kai shi rumfar dattijon. Tsohon ya karɓa ya jujjuya, ya murɗa ƙotar ɗaya ta zare a hannunsa nan take. Ya dubi yaron ya ce, "Wannan kake son shiga ruwa da shi, jikana?" Ya jefar da itacen cikin wuta, ya ce wa mai zuga ya tashi ya ɗauko marke.